Makullin Ƙafafun Ɓauna

Mota ɗaya ce a gidan Likita, amma aikin mota uku take yi. Da safe ita ke kai 'yan biyu makaranta, ta sauke Malam, maigidan, a ƙofar sakandaren da yake koyar da kimiyya. Litinin da Alhamis ta kai Inna, mahaifiyar Likita, asibiti a gasa mata baya. Daga nan sai ta bar kwalta ta nausa daji, domin Likita likitar dabbobi ce, marasa lafiyarta kuwa ba sa zuwa su bi layi, sai dai a je a same su. Doguwar mota ce mai jan ƙafa huɗu, ruwan toka, ta kwana biyu a duniya. 'Yan biyu ne suka raɗa mata suna Ɓauna, sunan ya bi ta har gareji.

Wata Talata cikin damina aka kira Likita daga wata gona can bayan tudu. Saniya ce ta kwana tana naƙuda, ɗan ya zo a karkace. Ta sauke kowa inda za ta sauke shi, ta kama hanya da hantsi. Saura kamar kilomita uku ta isa, sai ta iske wani kwari da ruwa ya zaizaye, ya yanka hanyar a kaikaice. Ta sa giyar ƙafa huɗu ta gangara a hankali kamar yadda ta saba. A tsakiyar kwarin motar ta karkata, ta yi wani nishi, ta tsaya. Ta taka totur. Injin ya yi ta kuka, mota ko gezau. Da ta leƙa madubin gefe sai ta ga tayar baya ɗaya ta ɗage sama tana ta juyi a iska kamar fanka, ɗaya daga cikin na gaba kuma tana watsa laka. Sauran biyun, waɗanda ke zaune daram a kan ƙasa mai tauri, ko motsi ba su yi ba.

Ba ta tsaya jayayya da mota ba. Ta kashe injin, ta zura takalman robarta, ta rataya jakar aiki, ta ƙarasa da ƙafa. Ta isa gumi sharkaf, ta naɗe hannun riga, ta durƙusa bayan saniyar. Bayan kusan rabin awa maraƙa ta faɗo da ranta, uwar ta juyo tana lasarta. Mai gonar, wani dattijo mai yawan raha, ya kora shanun huɗarsa biyu suka bi ta har kwarin, aka ɗaura igiya, suka fizgo Ɓauna kamar wasa.

"Likita, kin duba tamu, mu ma mun duba taki," in ji shi yana naɗe igiyar. "Sai dai taki ba mu san maganinta ba."

Ta yi dariya, ta yi godiya. Amma a hanyar komawa abin ya tsaya mata a rai. Da a ce kilomita goma ne ba uku ba, saniyar nan ba za ta jira ta ba.

Da yamma ta ba da labarin ana cin abinci. 'Yan biyu suka yi ta ƙyaƙyata batun shanun da suka ja Ɓauna. Malam kuwa idonsa ne ya kawo haske. Ya ture faranti gefe, ya jawo wata tsohuwar takardar jarrabawa, ya juya bayanta ya fara zane. Mutum ne mai son mota a zane da a waya. Lasisinsa ya shekara tara, amma in ya ga shataletale sai ya nemi hanyar da za ta zagaye shi.

"Makulli take buƙata," ya ce. "Abin da zai haɗe tayoyin baya su juya tare, ko sun so ko sun ƙi. Duba nan."

Ya miƙo mata waya. Wata mota ce ke hawa dutse kamar ƙadangare, mutane na tafi a gefe.

"Baban 'yan biyu, ni ba dutse zan hau ba. Saniya zan je gani."

"Ai wanda ya hau dutse, kwari wasa ne a wurinsa. Wanda ya fi kowanne ƙarfi za mu sa."

"Mu ji ta bakin Baba Sannu tukuna," in ji ta.

Baba Sannu makanike ne, shi ke duba Ɓauna tun ranar da aka saye ta. Sunan ya samo shi ne daga yadda yake komai. In ka kawo masa mota kana sauri, sai ya miƙo maka kujera. Garejinsa rumfar kwano ce mai rami ɗaya, da tsohuwar kujerar bas da baƙi ke zama a kai, da wata rediyo da ba ta kama tasha sai an jingine ta da gwangwanin giris. Sifanoninsa a jere suke a bango, kowanne da ƙusarsa, ya kuma zana siffar kowanne da fenti don ya gane wanda ya ɓace.

Ranar Asabar suka je su biyu. Ya saurari labarin har ƙarshe bai katse ta ba. Sannan ya sa jak ya ɗaga bayan motar har tayoyin biyu suka bar ƙasa. Ya kama ta dama ya juya ta gaba, sai ta hagu ta juya baya.

"Kin ga tukunyar ƙarfen nan da ke tsakaninsu? Ita muke kira difa. In mota za ta sha kwana, tayar waje tafiyarta ta fi ta ciki nisa, dole ta fi ta sauri. Difa ce ke ba su wannan damar. A kan kwalta ba ta da laifi ko kaɗan. Aibinta ɗaya ne, son sauƙi. Duk tayar da ta fi sauƙin juyawa, ita take bi. Taya na sama tana lilo, ita za ta yi ta juyawa, wadda ke ƙasa tana kallo."

Malam ya gyara zaman tabarau. "A ilimance dai, Baba, daidai take raba ƙarfin. Abin da ke faruwa shi ne..."

"A allo haka ne, Malam. A kwari kuwa matarka da ƙafa ta ƙarasa."

Likita ta kau da kai tana danne dariya. Malam ma ya murmusa, ya mai da biro aljihu.

Baba Sannu ya ce akwai masu yi wa difa walda su haɗe tayoyin har abada, amma shi ba ya yi, domin kafin wata uku tayoyin za su zama sanƙo, wata rana kuma sandar aksul mai juya taya ta tsinke a tsakiyar kasuwa. Ban da wannan, hanya uku ce. Akwai makulli mai kulle kansa, da ka taka totur ya haɗe tayoyin, in ka saki a kwana ya saki. Akwai mai sassauci, wanda ba ya kullewa gaba ɗaya, sai dai ya riƙa karkatar da ƙarfi zuwa tayar da ta fi kama ƙasa. Akwai kuma mai maɓalli, wanda ba ya yin komai sai direba ya danna.

"Na farkon," in ji Malam. "Ba ya jiran kowa."

"Ke fa, Likita?"

"Ni ban sani ba, Baba. Kai wanne ka gani?"

"Ba ni ke tuƙa ta ba." Ya goge hannu da tsumma, ya nuna wata tsohuwar a-kori-kura mai launin kore da ke ajiye ƙarƙashin bishiya. "Dole dama in buɗe difarki in ƙirga haƙoranta kafin a yi odar komai, zai ɗauke ni kwana uku. Waccan tawa ce, ita ma ƙafa huɗu take ja, kujerunta layi biyu ne, kuma irin makullin da Malam ke so ne a cikinta. Ku ɗauka ranar Litinin. Duk inda Ɓauna ke zuwa ku kai ta, kada ku rage mata ko ɗaya."

Litinin da safe aka cika a-kori-kura, Inna a gaba, Malam da 'yan biyu a baya. Fitarsu daga layi ke nan, a kwanar farko, sai bayan motar ya fara ƙwas-ƙwas-ƙwas kamar ana jan sanda a jikin shinge. Likita ta rage gudu ta saurara. Ƙarar ta ɗauke da suka miƙe hanya. A shataletale ta ɗan taka totur tana tsakiyar juyi, sai ji suka yi gwaram, motar ta yi wata zabura.

Inna ta dafe ƙugu. "Me muka taka?"

"Ba komai, Inna. Haka take."

"Haka take? Wannan mota da wa take faɗa?"

"Alamar ƙarfi ce, Inna," in ji Malam daga baya, cikin ladabi.

Inna ba ta juya ba. Ba ta saba musu da surukinta ba. Sai da aka sauke shi ta dubi 'yarta ta ce, "Bayan nan nawa wata shida ana lallaɓa shi. Ki gaya wa mai ƙarfin nan ya san da haka."

A filin ajiye motoci na asibiti, inda sai an karya kan mota sosai, tayoyin suka yi ta ƙiiƙ-ƙiiƙ a kan siminti har mai gadi ya taso ya leƙa ƙarƙashi, ya ce ko kyanwa ce ta shiga. 'Yan biyu kuwa ranar farko daɗi suka ji, suna ta kwaikwayon ƙarar da baki. Rana ta biyu suka roƙi a sauke su nesa da ƙofar makaranta, wai 'yan ajinsu sun ce motarsu na gab da rabewa biyu.

Sai dai a daji labarin ya sha bamban. Likita ta kai ta wata rugar awaki da hanyarta duk tsakuwa ce da ramuka, wurin da Ɓauna kan yi ta kame-kame kafin ta haye. A-kori-kura ta bi ta kai kamar tana tafiya a tsakar gida. Ta sake gwada ta a gaɓar wani rafi mai santsi, nan ma ko tari ba ta yi ba. Likita ta tsaya a saman gaɓar ta daɗe tana kallon sawun tayoyin. Ta ji son abin ya shiga ranta, ta kuma tuna fuskar Inna a shataletale. Awa biyu a daji, ta lissafa a zuci, awa uku a gari.

Ranar Laraba da la'asar aka kira ta wani gida kusa da nasu, kare ya haɗiye ƙashi. Ba ta bukatar mota, ga 'yan biyu kuma suna jira a wurin karatun yamma. Malam ya miƙa hannu ya karɓi makullin mota da ƙwarin gwiwa. An ɗan yi yayyafi, kwalta na sheƙi.

Ya daɗe bai dawo ba. Da suka shigo, 'yan biyu ne a gaba, shi a baya rungume da buhun lemo.

"Wannan lemon fa?"

"Na ga yana da kyau ne," ya ce, ya wuce kicin.

Ɗaya daga cikin 'yan biyun ce ta fasa ƙwan. A kwanar da ke gaban kasuwa babansu ya taka totur, bayan motar ya zame ya zagayo, sai ga su suna fuskantar inda suka fito, hancin motar saura taku ɗaya ya taɓa teburin mai lemo. Ba wanda ya ji ciwo, ko lemo ɗaya bai faɗi ba. Mai lemon ya miƙe tsaye ya ce, "Sannu da zuwa, ranka ya daɗe, na nawa za a ba ka?" Kunya ta hana Malam tafiya hannu rabbana.

Likita ta duba yaran sama da ƙasa, ta ga lafiyarsu ƙalau, sannan ta zauna a kujera ta yi dariya har da hawaye. Malam ya fito daga kicin da wuƙa da faranti, ya zauna yana yanka lemo ba ya kallon kowa.

"Na yi tunani," ya ce can. "Mai sassaucin nan ma ba laifi."

Kwana biyar suna shan lemo a gidan.

Da suka koma gareji sun tarar da Ɓauna a kan rami, an buɗe tukunyar, haƙoran ƙarfe na sheƙi cikin wani faranti. Baba Sannu ya karɓi makullin a-kori-kurarsa, ya zagaya ta sau ɗaya, bai tambayi komai ba. Malam ne da kansa ya ba da labarin lemon, ya ƙara da cewa yanzu mai sassauci yake goyon baya, domin iyali.

"Abu ne mai kyau," in ji Baba Sannu. "Cikin mutum goma da za su zo min da irin wannan magana, tara shi zan sa musu. Ba ƙara, ba zabura, ba abin da za ka tuna. Yashi, santsi, laka, duk yana taimakawa." Ya juya ga Likita. "Tambaya ɗaya zan yi miki. In kin maƙale, tayar a ƙasa take tana sulɓi, ko a sama take?"

Ta tuno wuraren ɗaya bayan ɗaya. Kwarin bayan tudu. Hanyar masu tumaki da ruwa ya cinye gefenta. Gangaren da ke kusa da tsohuwar gada, bara.

"A sama. Kusan kullum a sama. Hanyoyina ba laka ce matsalarsu ba, zaizaya ce."

"To shi mai sassauci sai tayar ta ɗan taɓa ƙasa yake samun abin da zai dogara da shi. In tana sama, ƙarfinsa kaɗan ne. Akwai dabarar ɗan taɓa birki, wani lokaci ta yi, wani lokaci ta ƙi."

"Saniya mai naƙuda ba ta san wani lokaci ba," in ji Likita. "Saura mai maɓalli ke nan. Faɗa min aibinsa."

Baba Sannu ya ji daɗin tambayar. Ya ce ya fi sauran tsada, kuma sai an yi odarsa an jira makonni. Yana da wayar lantarki da za ta bi ƙarƙashin mota, kututture na iya tsinka ta. Babban aibinsa kuma shi ne ba ya tunani. In ba ki danna ba, Ɓauna tana nan yadda kika san ta. In kin danna kin manta kin hau kwalta, ta koma kamar wadda aka yi wa walda.

"Ke za ki riƙa yi masa tunanin. Ki tsaya ko ki rage gudu sosai, ki danna kafin ki shiga wurin, ba bayan kin nutse ba. Kina fita ki kashe."

"A sa gaba da baya," in ji Malam, wanda ƙarfin gwiwarsa ya fara dawowa.

"In aka kulle gaba, sitiyari taurin kai yake yi, ka juya shi mota ta ce miƙewa za ta yi. A fara da baya. In shekara ta zagayo bai ishe ta ba, ga ni ga ku."

Likita ta ajiye jakarta a kujerar bas, ta tattare zani, ta sauka cikin ramin. Ta ce ya nuna mata inda wayar za ta bi. Ya haska mata da tocila. Ta bi layin da yatsa, ta ce nan wurin ciyawa da ƙaya suke taruwa, ta sha cire su da hannunta. Ta tambaya ko za a iya zura wayar cikin tiyo mai kauri a ɗaure ta saman ƙarfen, ba ƙasansa ba. Baba Sannu ya karkata kai ya duba, ya ce zai ƙara masa aikin rabin yini, amma ta fi shi gaskiya.

"Shi za a sa," ta ce da ta fito tana karkaɗe hannu. "Na baya kaɗai."

Ya mai da tukunyar ya ɗaure, ta ci gaba da aiki da Ɓauna yadda take. Mako biyar kayan suka yi a hanya. A tsakanin nan shebur da katako biyu ba su bar bayan motar ba, sau biyu kuma ta yi amfani da su. Da kayan suka iso Baba Sannu ya riƙe motar kwana huɗu. Yini guda ya ɓata yana shafa wa haƙoran wani shuɗin fenti yana juyawa yana duba inda suke cizon juna, ya kwance, ya ƙara siririn ƙarfe, ya sake ɗaurawa. Ya ce in ba a daidaita su ba, motar za ta riƙa kuka kamar mai ciwon haƙori. A ƙarshe ya huda wuri kusa da maɓallan iska ya dasa wani ɗan baƙin maɓalli, da ƙaramar fitila ja a samansa.

A gari Ɓauna ba ta canza hali ba ko kaɗan. Inna ta shiga ranar Alhamis tana ɗar-ɗar, aka wuce shataletale shiru, ta saki jiki ta ce yanzu ta ji mota. Da aka gama gashin suka fito, rana ta take. Likita ta tada injin, ta sunkuya tana amsa saƙo a waya. Inna ta ji zafi, ta miƙa hannu ta danna abin da ta ɗauka na iska ne. Suna karya kwanar fita sai tayoyin baya suka fara ƙugi suna tsalle a kan siminti. Mai gadin nan ya miƙe.

"Ta ɗauko halin waccan," in ji Inna.

Likita ta taka birki, ta duba, ga jar fitila a kunne. "Inna, me kika taɓa?"

"Iska na nema. Wa ya ce a sa shi a tsakiyar 'yan'uwansa kamar shi ma na kirki ne?"

Ta kashe, ta ɗan ja baya, ta yi gaba, motar ta saki. Daga asibitin gareji suka nufa. Baba Sannu ya saurara, ya ce laifinsa ne, Inna ta yi gaskiya. Ya nemo wani jan murfi mai ɗan ƙarfen buɗewa ya rufe maɓallin, yadda sai an ɗaga shi kafin a danna. Ya kawo wa Inna kujera da ruwan sanyi, suka yi ta hirar ciwon baya, wanda shi ma yana da nasa.

Daga nan sai damar danna maɓallin ta ƙi samuwa. Ruwa ya ɗan ɗauke, kiran da ake yi mata duk na wuraren da hanya ke da kyau ne. Kullum da yamma in ta shigo, Malam zai ɗago daga takardun da yake yi wa maki ya ce, "Kin danna?" Ta ce a'a. 'Yan biyu suka ɗauka, har suna rige-rigen tambaya tun daga ƙofa. Mako uku ana haka.

Ranar da damar ta zo, wata gona ce da ba ta taɓa zuwa ba, doki ne cikinsa ya ƙulle yana ta birgima. An yi ruwa kwana biyu a jere. Kafin gonar akwai hawa mai tsayi da ruwa ya tsaga shi gida biyu, ramin ya bi ta tsakiya ya karkace. Ta tsaya a ƙasa, ta fito ta taka wurin da ƙafa ta ga inda za ta ɗora kowace taya. Ta koma, ta sa ƙaramar giya, ta ɗaga jan murfin ta danna. Fitila ta kama. Ta saki motar a hankali. A tsakiyar hawan Ɓauna ta karkata, ta ji bayan ya ɗage gefe ɗaya, kamar ranar da ta maƙale a kwari. Motar ta ci gaba da tafiya. Tayar ta sauko ta taɓa ƙasa, suka haye. A sama ta kashe maɓallin ta rufe murfin. Dokin ya sha wuya, sai da ta zura masa tiyo ta hanci ta yi ta zagayawa da shi, amma kafin azahar ya fara neman ciyawa.

"Kin danna?" in ji Malam da yamma, ko ɗagowa bai yi ba.

"Na danna."

Ya ajiye jan biro. 'Yan biyu suka fito daga ɗaki a guje.

"Yaya aka yi?"

"Ba abin da aka yi. Ta wuce kawai."

"Kamar yaya ta wuce kawai? Ba ƙara? Ba ta watsa ƙasa ba?"

"Ko kaɗan. Ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta ajiye, muka tafi."

Ya jingina da kujera, fuskarsa kamar wanda aka ba labarin wasan ƙwallo aka ce an tashi ba ci. Ta ji tausayinsa. Ta ce ranar Asabar za ta koma duba dokin, kuma maƙwabcin mai dokin na da tumaki sittin da za a yi wa allura, tana bukatar mai riƙe mata. In yana so ya zo, shi zai danna.

Asabar tun kafin ta gama shiri ya fito da farar riga da hular rana. Ta dubi rigar sama da ƙasa, ta rataya jakar aiki. Inna ta zauna da 'yan biyu. A ƙasan hawan Likita ta tsaya ta ce bismillah. Malam ya ɗaga murfin da yatsa biyu, ya danna, ya riƙe ƙarfen da ke saman ƙofa da hannu bibbiyu. Da motar ta karkata ya rufe ido. Da ya buɗe suna sama.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Kashe."

Ya kashe. Ya ce ta ɗan jira, ya fita ya koma ƙasa da ƙafa, ya tsuguna yana duba sawun, ya auna zurfin ramin da sanda, ya dawo yana haki yana murmushi. Ya ce ranar Litinin da wannan zai buɗe darasi.

Tumakin ne suka gwada shi. Ba su san yana koyar da kimiyya ba. Na farko ya zille ta tsakanin ƙafafunsa, na biyu ya ja shi har cikin kwatamin ruwa. Matar mai tumakin ce ta nuna masa yadda ake yi, a kama haɓa da hannu ɗaya, a tokare ƙugu da gwiwa. Wajen na ashirin hannunsa ya faɗa, har yana kiran na gaba. Suka gama sittin ɗin rana na tsaka, farar rigar ta koma launin da ba shi da suna.

Da za su tafi matar ta tambaya ko akwai wuri a baya. Keken ɗinkinta ne ya lalace tun farkon damina, ba motar da ke hawowa nan balle ta kai shi gyara. Malam da mai tumakin suka ɗauko shi suka kwantar a kan buhu, aka ɗaure da igiya, ita kuma ta shiga kujerar baya da ɗan ƙunshinta a cinya. Tun daga gangaren take ba Likita labarin rigunan makaranta takwas da ta yanka ta ajiye ba ta ɗinka ba, da yadda iyayen yaran ke aiko mata kullum. Likita ta ce ta san wani mai gyara kusa da tasha wanda ba ya rufewa ranar Asabar. Suka sauke ta a ƙofar shagonsa, Malam ya taya shigar da keken, mai gyaran ya ce ta dawo bayan la'asar.